Zauren dagaci ne kotun farko ta talaka, a ba shi littafi da iyaka

Idan kaka ta yi a ƙasar Hadeja, aka shiga yankan gero, shanu suka fara gangarowa daga arewa suna neman fadama, wanda ya fi kowa ƙarancin barci a gari shi ne bulama ko mai unguwa. Garke ya shiga gonar wake da daddare. Da asuba mai gona ya je ya ga ɓarna, ransa ya ɓaci, 'yan uwansa sun fara taruwa da sanduna. Ofishin 'yan sanda yana hedikwatar ƙaramar hukuma, alƙali ma yana can, wataƙila kuma ranar Asabar ce. Tsakanin wannan asubahin da azahar ake sanin ko maganar za ta ƙare da biyan buhu ɗaya da rabi, ko za ta ƙare da ƙona ruga da ɗaukar gawa. Wanda ke tsaye a tsakanin mutum ne da bai yi karatun lauya ba, ba shi da ɗan sanda ko ɗaya a ƙarƙashinsa, kundin tsarin mulkin 1999 kuma bai ba muƙaminsa wani aiki ba.

Mai unguwa da dagaci da hakimi su ne alƙalan farko na mutanen karkarar Kano da Jigawa, ko doka ta faɗa ko ba ta faɗa ba. Tun da haka abin yake, barin aikinsu babu rubutu, babu iyaka, babu mai dubawa, sakaci ne babba. Ra'ayina shi ne majalisun dokokin jihohin biyu su amince da sulhun zaure a dokance, su ba shi littafi, su haɗa shi da kotu, su kuma shata masa layin da ba zai ƙetare ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar wa masu sarauta ikon cin tara da tsarewa da bulala, kuma akwai dalili.

Ikon ya taɓa zama a hannunsu. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, aka tura hakimai suka zauna a gundumominsu, aka ɗora mulkin En'e, wato hukumar gargajiya, a kan sarki da hakimi da dagaci da mai unguwa. En'e ke da kotunan alƙalai, ita ke da 'yan doka, wato 'yan sandanta, ita ke da gidan yari. Dattawan da suka ga zamanin suna tuna tsaron da ya kawo, yadda baƙo ba ya kwana a gari mai unguwa bai sani ba. Suna kuma tuna ɗaya fuskar. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950 ta shiga zukatan talakawa ne saboda aikin tilas, da wulaƙancin karɓar haraji, da ɗaurin da ake yi wa mutum don ya halarci lacca. Duk mai kiran a mayar wa sarakuna ikonsu na da, bai kawo wannan a lissafi ba, to rabin tarihin ya karanta.

Daga nan aka yi ta zare ikon. Tsakanin 1967 da 1968 aka karɓe kotuna daga hannun En'e aka mayar da su ƙarƙashin sashen shari'a na jiha, aka rushe kotun sarki, daga baya kuma aka haɗe 'yan doka da 'yan sandan Nijeriya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kai ragamar mulki hannun kansiloli da ciyamomi. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da izinin mallakar filin karkara. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, lokacin Jigawa tana cikin Kano. Soke su daidai ne, amma tare da su aka yi asarar takardar da dagaci yake sanin kowane magidanci da ita, da ƙidayar da take sa makiyayi ya gabatar da kansa idan ya sauka a ƙasar wani.

Iko ya tafi, ƙara kuwa ba ta daina zuwa zaure ba. Kotu tana da nisa, kowane zama sai an biya kuɗin mota na mai ƙara da na shaidunsa, a ɗage a sake ɗagewa har lokacin shuka ya wuce. Hausawa suka ce shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne zumunci. Wanda ka kai kotu shi ne za ku haɗa sahu a masallaci gobe, matanku za su haɗu a bakin rijiya, wataƙila ƙanwarsa ce a ɗakin ɗanka. Hukuncin kotu yana ba mutum ɗaya gaskiya ya bar gaba a gari. Sulhu yana ba kowa abin da zai iya haɗiyewa. Alƙur'ani ya ce sulhu alheri ne, hadisi kuma ya halatta shi tsakanin Musulmi, in ban da sulhun da ya halatta haram ko ya haramta halal. Wannan togaciyar ita ce iyakar da za mu dawo kanta.

A ɗauki ɓarnar gona, domin ita ce ta fi saurin jawo jini. Aikin da aka yi kafin rana ta take shi ke yanke maganar. Mai unguwa ya je gonar da ƙafarsa kafin iska da sawun 'yan kallo su share alama. Kada ya je shi kaɗai. Ya tafi da sarkin noma, da arɗo ko wakilinsa, da dattijo ɗaya wanda ba shi da dangantaka da kowane ɓangare. A duba kashin shanun, ɗanye ne ko ya bushe, don a san daren jiya ne ko ya kwana biyu. A ɗauki hoto da waya. Sannan a bi sawu har inda ya tsaya. Bin sawu shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma tsallake shi ne ke haifar da zaluncin da ya fi yawa. Lokacin kaka akwai Fulanin gida, waɗanda suka shekara da shekaru a gefen gari, akwai kuma masu wucewa. Garken baƙi yakan ci gona da dare ya yi gaba kafin gari ya waye, fushin gari ya sauka a kan rugar da ake gani da ido, wadda ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Kimanta ɓarnar ma yana da ƙa'ida, bai kamata ya zama cinikin baki ba. A ƙirga kunyoyin gonar, a ƙirga waɗanda aka ci. A misali, gona mai kunya sittin, shanu sun cinye goma sha biyar, kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. Idan maƙwabta da sarkin noma sun shaida cewa irin yabanyar bana za ta ba da dami arba'in, asarar dami goma ce. Girman dami ya bambanta daga gari zuwa gari, don haka a sussuke guda ɗaya daga ɓangaren da ba a taɓa ba a auna. In ya ba da tiya shida, asarar tiya sittin ce, wato buhu ɗaya da rabi a lissafin tiya arba'in a buhu. A ɗauki farashin kasuwa mafi kusa a makon, a ƙara kuɗin kara da harawa, domin su ma dukiya ne. Manomi zai so a yi masa lissafi da farashin bazara, makiyayi zai ce ai gonar ba ta yi kyau ba. Awo a gaban kowa shi ke rufe bakin duka biyun.

Fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu ke aiki da shi bai bar wannan babi a buɗe ba. Abin da dabba ta ɓata da dare yana kan mai ita, ko da ya zarce kuɗin dabbar. Na rana ba ya kansa idan an sake ta nesa da gonaki ba tare da makiyayi ba. Idan kuwa akwai makiyayi tare da ita, to shi ke ɗauka. Idan amfanin bai nuna ba, ana kimanta shi tsakanin fata da tsoro, wato a duba yiwuwar ya yi da yiwuwar ya lalace, a tsaya a tsakani. Dagatai da yawa suna aiki da wannan ba tare da sun san daga littafi yake ba. Waɗansu kuma ba su taɓa jinsa ba, sai su yanke abin da ya yi wa mai ƙarfi daɗi.

Sai biya. Makiyayi ba ya yawo da kuɗi, sai ya sayar da dabba. A ba shi wa'adi zuwa ranar kasuwa, Alhamis in Maigatari ce kusa, Juma'a in Wudil ce, arɗo ya tsaya masa. Tsare shanu a matsayin jingina yana da haɗari. In ya zama dole, a ƙirga su a gaban shaidu, a faɗi launinsu da alamarsu, a bar yaron makiyayi ya shayar da su. Saniya ɗaya ta mutu a tsare, an buɗe sabuwar ƙara da ta fi ta farko tsada. Kuma kada a bari a taɓa yaron da ke kiwo. Yawancin faɗan da ke kai wa ga kisa yana farawa ne daga dukan yaro ko saran ƙafar saniya.

Akwai tambayar da zaure ba ya son ji: gonar da aka ci ɗin, a ina take? Idan a kan burtali take, ko ta toshe hanyar mashaya, to maganar ta canza. Tun 1965 Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya, burtalai kuma sanannu ne ga kowane tsoho a gari. Amma mutane sun ƙaru, gona ta yi tsada, burtalin da garke ke bi a yalwace ya koma siririyar hanya. Wa ya ba da izinin noma wurin? Sau da yawa mai zaman sulhun ne da kansa, ko wanda ya gada. A nan dagaci ya zama ɗaya daga masu rigima, bai halatta ya zauna a kan maganar ba. A kai ta gaban hakimi, a Jigawa kuma a sanar da hukumar da jiha ta kafa don sasanta manoma da makiyaya.

Rikicin gona tsakanin manoma yana tafiya a hankali, amma ya fi daɗewa. Na iyaka shi ne mai sauƙi. Kowace shekara garma tana cin kunya ɗaya, a shekara goma an ci fili. Maganinsa a kira tsofaffin maƙwabta na kusurwa huɗu, a nemi tushen gamba ko kututturen itacen da aka san shi ne iyaka, a auna da igiya, a sake dasa alama a gaban kowa. Mai wuyar shi ne aro da jingina. Mutum ya ba abokinsa aron gona ya tafi ci-rani, ko ya karɓi kuɗi ya jinginar da ita. Dukansu suka rasu. 'Ya'yan wannan suna cewa gadonsu ce, tun suna yara a cikinta suka ga ubansu, 'ya'yan wancan suna cewa aro ne. A Malikiyya akwai hauzi: wanda ba dangi ba in ya riƙe fili shekara goma yana aiki a ciki, mai shi yana nan, yana gani, babu abin da ya hana shi magana amma ya yi shiru, ba a sauraron da'awarsa. Amma hauzi ba ya cin aro ko jingina ko haya idan an tabbatar da su. Da me za a tabbatar, alhali shaidun sun mutu? Layi uku a littafin dagaci, da sunan shaidu biyu da kwanan wata, sun isa su kashe shari'ar da za ta ci shekaru a kotu. Haka nan sayar da gona ɗaya ga mutum biyu ba ya yiwuwa sai inda babu littafin da za a buɗe a ga an riga an sayar.

A maganar aure da gado ne na fi jin tsoron zaure. Mace ba ta cika shiga ba, wa ko kawu ke magana a madadinta, wani lokaci kuma shi ne mai cin haƙƙin nata. Ana kiran abin sulhu, alhali an sa ta haƙura ne kawai. Rabon gado ba abin ciniki ba ne. Matar mamaci tana da ɗaya cikin takwas idan akwai 'ya'ya, ɗaya cikin huɗu idan babu. Uwa tana da ɗaya cikin shida idan akwai 'ya'ya. 'Ya mace tana da rabin rabon ɗa namiji, a gona da gida, ba a tufafi da kwanuka kaɗai ba. Al'adar barin gona a hannun maza a ce za su riƙa ba mata hatsi, idan ba a fitar wa kowa kasonsa ya sani ba, sulhu ne da ya haramta halal. Mace tana iya yafe rabonta, amma sai bayan ta san nawa ne, kuma da bakinta. Zaure ya kwantar da hankalin magada, ya tattara jerin dukiya da basussuka, rabon kansa ya tafi gaban alƙali ko malamin da ya san fara'ila.

Yanzu ga layin da bai kamata a ƙetare ba. Kisa, fashi, satar mutane, mummunan rauni, fyaɗe: babu ɗaya da ke cikin hurumin zaure. Ko yafewar magada da karɓar diyya da shari'a ta yarda da su, a gaban kotu ake yin su. Fyaɗe ne aka fi binnewa da sunan rufin asiri. A tara iyaye, a karɓi kuɗin magani, a ce yarinya ta yi shiru don kada ta rasa miji, mai laifin kuma ya koma cikin gari inda sauran yara suke. Aikin mai unguwa a nan guda biyu ne, kuma na gaggawa. Ya sa a kai yarinyar asibiti nan take, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, shaidar likita ma tana gushewa da wanka da kwanaki. Sannan ya sanar da 'yan sanda. Dagacin da ya sasanta fyaɗe ya cancanci a tuɓe masa rawani.

Haka maganar ɓarawon da aka kama. Doka ta yarda kowa ya kama mai laifi, amma ya miƙa shi ga 'yan sanda ba da ɓata lokaci ba. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka tsare gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Ya hana azabtarwa, ya kuma hana a hukunta mutum a kan laifin da babu shi a rubutacciyar doka. Saboda haka ɗaure mutum a turke, ko barin 'yan sintiri su doke shi har ya amsa, ko korar tsohuwa daga gari a kan zargin maita, duk laifi ne, ko wa ya ba da umarni. Babbar jarumtar mai unguwa ita ce ya shigar da wanda ake zargi cikin gidansa, ya tsaya a bakin ƙofa har motar 'yan sanda ta zo. Masu yin haka suna nan da yawa, kuma ba a cika jin sunansu ba. 'Yan sanda su ma da nasu layin: dokarsu ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki, ta hana kama wani a madadin wani. Da ana bin ta, da yawan maganganun da ake kai wa caji ofis a ƙauye sun dawo zaure ko kotu.

Alƙalin da bai yi karatun lauya ba ba baƙon abu ba ne a duniya. A Ingila, tun dokar 1361 ake da irinsu. Mutanen gari ne, malamin makaranta ko ɗan kasuwa, ba a biyansu albashi, suna zama su biyu ko uku, aƙalla kwana 13 a shekara, da masanin doka a gefe yana nuna musu abin da doka ta ce. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na shari'o'in laifi a ƙananan kotunan da suke zama suke ƙarewa, kuma suna da ikon tara da ɗauri. Amma akwai sharaɗi: in alƙalin ya san wanda ake tuhuma, sai ya tashi. A ƙauyenmu dagaci ya san kowa, ya san uban kowa, ya san wanda ya goyi bayan abokin takararsa lokacin neman sarauta. Wannan sanin shi ne ƙarfinsa a wajen sulhu, domin ya san wanda zai kira ya tausasa zuciyar wane. Shi ne kuma haɗarinsa a wajen hukunci. Dalilin da ya sa nake cewa a ba shi sulhu a hana shi bulala ke nan.

Misalin da ya fi kusa da mu yana ƙetaren Maigatari. A Jamhuriyar Nijar doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta mutane a kan al'amuran al'ada da na mu'amala. Sarki yana rubuta takardar sulhu ko ta rashin sulhu, a shigar da ita rajista, a aika wa hukuma da kotu. In masu rigima sun sa hannu, kotu tana iya buga mata hatimin zartarwa. Tun dokar karkara ta 1993 suna da kwamitocin filaye har matakin ƙauye, kuma hukuma tana sanar da ranar sakin gonaki ga dabbobi bayan girbi. Ba a ce rikici ya ƙare a can ba. Amma Hausawa da Fulani ne irin namu, gero ɗaya, shanu ɗaya, kuma sun nuna abin yana rubutuwa.

A nan gida ma ba daga kan fako za a fara ba. A 1991, a shari'ar Agu da Ikewibe, Kotun Ƙoli ta amince da sasancin gargajiya idan ɓangarorin sun je da yardarsu, sun amince hukuncin zai ɗaure su, an bayyana shi, kuma ba wanda ya ƙi shi a lokacin. Matsalar ita ce tabbatar da waɗannan sharuɗɗa bayan shekaru, da baki kawai. Hisba, wadda Kano ta yi wa doka a 2003, tana sasanta aure da bashi kullum. An yi Zauren Sulhu a zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Babbar Kotun Kano tana da sashen sulhu. Kayan aikin suna nan a warwatse, kuma shirin da bai tsaya a kan dokar da ta ɗaure zaure da kotu ba yakan raunana idan gwamnatin da ta kawo shi ta tafi.

Littafin da nake magana ba wani abu ne mai tsada ba. Babban littafi ne mai lambobi a shafuka don kada a yage, kowane shafi da kwafi biyu a ƙarƙashinsa. A rubuta kwanan wata, sunan masu rigima da na iyayensu, abin da kowanne ya ce, abin da aka gani a wurin, shaidu, abin da aka amince, da wa'adin cikawa. A karanta musu da ƙarfi kafin su sa hannu ko su dangwala. Boko ko ajami, duk wanda magatakarda ya iya. Kowane ɓangare ya tafi da kwafinsa. Ƙarshen wata a kai littafin ofishin hakimi, daga nan magatakardan kotun shari'a ko ta majistare ya gani. A ba kowa mako biyu ya janye in ya ce an matsa masa, domin mutum yakan ce na yarda a gaban rawani saboda kunya. In wa'adin ya wuce, alƙali ya duba ko bai saɓa wa shari'a da doka ba, ya buga hatimi, ya zama abin da kotu za ta zartar. In sulhu ya gagara, a ba su takardar rashin sulhu. Ita ma tana da amfani, domin alƙalin da zai zauna bayan wata biyu ba zai ga sawu ba, ba zai ga kunyoyin da aka ci ba, sai abin da aka rubuta ranar.

Kada dagaci ya zauna shi kaɗai. Liman, da sarkin noma, da arɗo, da dattijuwa ɗaya da matan gari suka yarda da ita, wadda za ta shiga cikin gida ta ji daga bakin mace. A garuruwan da ke da Maguzawa ko Kirista, a sa nasu dattijon, kuma kada a tilasta wa kowa zuwa. Wanda rigimar ta shafi danginsa ko gonarsa ya tashi.

Sai kuɗi, wanda ba a son faɗa. Mai unguwa yana kwana a kan rigimar mutane, yana ciyar da baƙi, yana zuba wa babur mai daga aljihunsa, abin da ake ba shi kuwa bai taka kara ya karya ba. Wanda aka ɗora wa aiki ba a biya shi ba, zai nemi na goro, kuma mai ba da goro mafi girma shi za a fi saurara. Mafi muni shi ne karɓar kaso daga kuɗin ɓarna ko na cinikin gona, domin hakan yana sa mai sulhu ya so ɓarnar ta yi yawa. A yanke ƙaramin kuɗi ƙayyadadde, a liƙa shi a bangon zaure, a ba da rasit, a kuma biya alawus a kan kari. Horo na kwana uku da rani, alƙalai da majistarori su koyar, ya isa a fara.

Za a ce siyasa za ta shiga, kuma gaskiya ne. Kano ta ga an ƙirƙiri sababbin masarautu a 2019, an soke dokar a 2024, kowane juyi kuma yana girgiza hakimai da na ƙasa da su. Dagacin da ke tsoron ciyaman ba zai gaya wa ɗan jam'iyyar ciyaman ya fita daga burtali ba. Shi ya sa duba littafin ya kamata ya zama aikin sashen shari'a, ta hannun sufetocin kotuna, kada a bar shi ga ƙaramar hukuma. Littafin na gari ne, in an sauke dagaci ya miƙa shi ga na bayansa a gaban hakimi. Zaluncin da aka rubuta, aka ba wanda aka zalunta kwafi, yana da inda za a kama shi.

Ba sai an jira doka ta fito ba kafin a gwada. Masarautar Hadeja da sashen shari'a na Jigawa suna iya ɗaukar Guri da Kirikasamma, inda fadama ke tara manomi da makiyayi da masunci, su raba littattafan kafin gero ya nuna. Hakimi ya tara dagatai da arɗaɗe, a zagaya burtalai da mashaya a sa musu alama, a tsayar da ranar da za a gama kwashe amfani da ranar sakin gonaki, a yi shela a masallatan Juma'a da kasuwanni. A Kano a yi irinsa a Kura da Bunkure, inda rigimar ta ruwan noman rani ce, da Doguwa a gefen dajin Falgore. Zuwa ƙarshen rani littattafan za su nuna ƙara nawa ta shigo, nawa aka sasanta, nawa aka janye, a wane burtali rigima ke maimaituwa, da wane dagaci ne mutanensa ke tsallake shi su tafi wajen hakimi.